Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

A babban taronmu na bara kun ɗora wa kwamitin gudanarwa nauyin mayar da hankali kan abin da zai hana cin zarafin mata aukuwa tun farko, ba agajin bayan ɓarna kaɗai ba. A kan wannan umarni muka tafiyar da aikin bana.

Sashen bincike ne ya fi shan aiki. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 sun nuna cewa kusan mace 1 cikin 3, wato kimanin mata miliyan 736, ta taɓa fuskantar duka ko tilasta mata yin jima'i, kuma mafi yawa daga hannun miji ko abokin zama. Girman matsalar ba abin musu ba ne. Abin da muka nema shi ne hujja a kan abin da ke rage ta.

Shirye-shirye guda biyu sun fi ɗaukar hankalinmu. A lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, shirin IMAGE ya haɗa bai wa mata ƙananan rance da zaman tattaunawa kan zamantakewar aure da lafiya, kuma sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cin zarafi daga abokin zama ya ragu da kashi 55 cikin 100 a cikin shekaru 2. A Kamfala ta ƙasar Uganda kuwa, shirin SASA! ya horar da mutanen unguwa, maza da mata, su riƙa jan maƙwabtansu da hira kan yadda ake amfani da iko a cikin gida, har aka samu raguwar masu ganin dukan mace ba laifi ba ne. A ganinmu darasin a fili yake: taron wayar da kai na yini guda ba ya sauya ɗabi'ar da aka tashi da ita. Sai an daɗe ana yi, kuma sai da maza a ciki.

Mun kuma horar da masu tattara bayanai bisa ƙa'idojin da hukumar lafiyar ta shimfiɗa: a yi hira da mace a keɓe, mace guda kawai a gida ɗaya, a sauya zance idan wani ya shigo, a kuma sanar da ita inda za ta samu taimako. Ba mu ɗauki wannan da wasa ba, domin tambayar da aka yi a gaban wanda ake tsoro tana iya jawo wa baiwar Allah dukan da ya fi na jiya.

Ta fuskar manufofi, alƙawura ba su yi ƙaranci ba. Akwai yarjejeniyar CEDAW ta 1979, wato ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da nuna wa mata wariya, da ta Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka, da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2019 kan cin zarafi a wurin aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin aiwatarwa. Saboda haka takardar shawarwarin da muka miƙa wa 'yan majalisa ta nemi a ware wa rigakafi kasonsa a kasafin kuɗi. Mun kuma ja hankalinsu kada su auna matsalar da rajistar 'yan sanda, tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gano cewa a yawancin ƙasashen da ke da bayanai, ƙasa da kashi 40 cikin 100 na matan da aka ci zarafinsu ne ke neman taimako, kuma cikinsu waɗanda ke zuwa wurin 'yan sanda ba su kai kashi 10 ba.

Mun shiga gangamin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, kamar yadda muka saba. Bayanin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji.

Baɗi za mu bibiyi kasafin kuɗin mu ga abin da aka saki a zahiri, kuma muna buƙatar mambobi masu ilimin lissafi da na shari'a su ba da sunayensu ga sakatariya kafin taro na gaba.

Sakatariyar ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.