Amsa ga Ƙanena kan Edmonton Oilers: Zaɓen Yara Daban, Renonsu Daban

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron 'yan uwa Hausawa mazauna Edmonton ta Kanada ka miƙe gaban jama'a ka ce: ƙungiyar da ta zaɓo Connor McDavid da Leon Draisaitl da hannunta, ta kuma kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley, kofin zakarun hokin ƙanƙara na gasar NHL, a 2024 da 2025, da wane bakin zan riƙa cewa ba ta iya zaɓen matasa da renonsu ba? Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa. Oilers ta yi sa'a a saman jeri, ta yi rauni a ƙasansa, kuma yaran da ta ɓata ko ta saki bayan sun nuna sun fi waɗanda ta rena har suka amfane ta. Ina son ƙungiyar nan kamar yadda kake sonta, shi ya sa abin ke ci mini rai.

Saboda 'yan uwa na gida da ba su saba da hokin ƙanƙara ba, ga yadda tsarin yake. Gasar NHL ta Kanada da Amurka tana da ƙungiyoyi 32. Kowace shekara suna zama su raba matasa 'yan shekara 18 zuwa sama a zagaye 7, kuma wadda ta fi shan kashi a kakar da ta wuce ita ta fi kowa damar fara ɗauka idan an jefa ƙuri'a. Ka ga ke nan zaɓin farko ladan faɗuwa ne. Oilers ta samu na ɗaya sau 4 cikin shekara 6: Taylor Hall a 2010, Ryan Nugent-Hopkins a 2011, Nail Yakupov a 2012, sai McDavid a 2015. A wannan shekarar ma Buffalo ce ta ƙare a ƙasan teburi, ƙuri'a ce ta faɗo wa Edmonton. McDavid kuwa tun yana ɗan shekara 15 duk Kanada ta san sunansa. Wanda ya miƙa hannu ya ɗauke shi bai gano komai ba. Kuma kada ka manta, daga 2007 zuwa 2016, kaka 10 a jere, ƙungiyar nan ba ta ko leƙa wasannin neman kofi ba, da duk waɗannan yaran a hannunta.

Idan kana son auna masu farauto 'yan wasa, ka tsallake zagayen farko ka duba abin da suka samo bayansa. Tampa Bay ta ɗauki Nikita Kucherov a na 58 a 2011, Ondrej Palat a na 208 a shekarar, Brayden Point a na 79 a 2014, Anthony Cirelli a na 72 a 2015. Da su ta ɗaga kofi a 2020 da 2021. A zaɓen 2011 ɗin Edmonton ce ke da na 31, ta ɗauki David Musil, wanda wasa 4 kacal ya yi a NHL. Ba zan ɗora musu laifin Kucherov shi kaɗai ba, don kowace ƙungiya ta wuce shi, har Tampa ɗin sai da ta fara ɗaukar wani a na 27. Kuskure ɗaya ba hujja ba ne, yaro ɗan 18 gaibu ne ga kowa. Amma idan shekara ta bi shekara zagaye na 2 zuwa na 7 ba ya haifar maka da wanda zai riƙe babban matsayi, magana ta tashi daga rashin sa'a. Abin takaicin shi ne Oilers ta taɓa zama gwanar wannan fanni. Mark Messier na 48 ne a 1979, Glenn Anderson na 69, Jari Kurri shi ma na 69 a 1980. Su ne suka tsaya wa Wayne Gretzky, babban tauraron ƙungiyar a lokacin, kuma bayan tafiyarsa suka ƙara ɗaga kofi na 5 a 1990.

Reno ne ya fi damuna, kuma a nan zan daɗe. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san sayen maraƙi mai kyau a kara rabin aiki ne. Idan ka ɗaura masa garma tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, kai ka karya shi, ba mai sayarwa ba.

Dubi Yakupov. A kakarsa ta farko, wadda rikicin albashi ya rage zuwa wasa 48, ya ci ƙwallo 17. Yaro ne mai zafi, mai bugu kamar harsashi, amma bai san inda zai tsaya ba idan wasa ya juyo gidansu. Abin koyarwa ne wannan. Me ya samu? Ralph Krueger, wanda ya fahimce shi, an sallame shi bayan kaka ɗaya. Dallas Eakins ya zo da nasa tsarin, ya riƙa zaunar da shi. Aka kori Eakins, Todd Nelson ya riƙe na wucin gadi, sannan Todd McLellan. Koci 4 cikin kaka 4, kowa da yarensa, ga yaro ɗan Rasha nesa da gida. A 2016 aka miƙa shi St. Louis a araha, a 2018 ya koma gida. Mai yiwuwa ko a wace ƙungiya ba zai zama tauraro ba, amma Edmonton ba ta ba shi ƙasa mai ƙwarin da zai taka ba.

Jesse Puljujärvi ya fi ba ni tausayi. An ɗauke shi na 4 a 2016, ɗan Finland, Turancinsa kaɗan ne. Maimakon a bar shi ya ƙara shekara a gida, aka riƙe shi a babbar ƙungiya, ya yi wasa 28 yana samun 'yan mintoci, ya ci ƙwallo 1, sannan aka tura shi Bakersfield, ƙaramar ƙungiyarsu ta gasar AHL a California. Haka aka yi ta kai shi ana dawo da shi har ya gaji, ya koma ƙungiyar Kärpät ta garin Oulu a Finland a 2019. Wanda Calgary ta ɗauka a na 6 a wannan zaɓen, Matthew Tkachuk, shi ne ya ɗaga kofi a gabanmu sau biyu da rigar Florida.

Yanzu ka dubi waɗanda kake alfahari da su. Draisaitl, na 3 a 2014, shi ma an fara yi masa gaggawa: wasa 37, ƙwallo 2. Allah ya sa a watan Janairun 2015 aka mayar da shi gasar matasa, ya je Kelowna ya zama jagora, ya dawo da ƙarfin zuciya. A 2020 shi ne gwarzon gasar NHL baki ɗaya. Evan Bouchard, na 10 a 2018, wasa 7 ya yi aka mayar da shi London Knights, ƙungiyarsa ta gasar matasa a Kanada, kafin wasa na 10 da ke sa shekarar farko ta kwantiragi ta fara ƙirguwa. Ya yi cikakkiyar kaka a Bakersfield, ya je aro Suwidin. A kakar 2023-24 ya tara maki 82, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, yana ɗan baya. Stuart Skinner, haifaffen Edmonton, na 78 a 2017, ya yi shekaru a ƙananan gasa kafin ya tsare raga a wasan ƙarshe. Wannan na yaba, ban rage komai ba. Duk inda suka yi haƙuri sun ci riba, kuma abin da ke ƙona ni ke nan: sun san hanyar.

Akwai kuma zaɓin da aka zubar tun kafin a yi shi. A daren da aka ɗauki McDavid, Edmonton ta ba New York Islanders na 16 da na 33 don ta karɓi Griffin Reinhart. Ya yi mata wasa 29 a kakar farko, bai zauna ba. Na 16 ɗin shi ya zama Mathew Barzal, gwarzon sababbin 'yan wasa na 2018. A shekarar ce kuma Hall, wanda aka musanya da Adam Larsson a 2016, ya zama gwarzon gasar a New Jersey.

Za ka ce duk wannan tsohon labari ne, shugabanni sun canja. To ga na jiya-jiya. Gasar nan tana da iyakar albashi, dala miliyan 88 a kakar 2024-25. Ƙungiyar da ke biyan McDavid da Draisaitl dole ta dogara da yaranta masu arhar kwantiragi, su ne ke cike gurbin da kuɗi ba za su kai ba. Philip Broberg na 8 ne a 2019, Dylan Holloway na 14 a 2020. An sha wahalarsu shekaru, an yi ta ajiye Broberg a Bakersfield, kuma dukansu sun buga wasan ƙarshe na 2024 da Florida, sun nuna sun isa. Da kasuwa ta buɗe a watan Yuli, aka kashe kuɗi kan manya daga waje, Viktor Arvidsson da Jeff Skinner, aka bar yaran ba sabon kwantiragi. A watan Agusta St. Louis ta miƙa musu takardar tayi, Broberg kusan dala miliyan 4.6 a shekara, Holloway kusan miliyan 2.3. Edmonton na da mako guda ta biya daidai da hakan ta riƙe su. Ba ta biya ba, ta karɓi zaɓin zagaye na 2 da na 3. A kakar da ta biyo baya Holloway ya ci ƙwallo 26, maki 63, Broberg kuma ya zama cikin manyan 'yan bayan St. Louis. Arvidsson da Jeff Skinner kuwa kaka ɗaya suka yi suka bar garin.

Ka gaida mutan gida. Idan mun haɗu filin Rogers Place, sai mu ƙarasa.

Yayanka.