Kawu ya miƙa makullai

Assalamu alaikum, Ango.

Ina gajiya, ina iyali? Na san za ka ce wane irin ango ne da 'ya'ya huɗu, to sunan ya riga ya bi ka. Wata biyar ke nan rabona da jin muryarka, sai hotunan kifi da kake ta sakawa daga Fatakwal. Akwai abin da nake son tambayarka game da filin nan na bayan makaranta, amma bari in fara da abin da ya sa na zauna rubutu.

Kawu ya yi ritaya. Ranar Alhamis ya miƙa makullan ofishin ma'ajin ƙaramar hukuma, shekara 35 cif tun da ya kama aiki a 1989. Na je sakatariya, na zauna can baya, wallahi sai da na yi ƙwalla. Ka tuna lokacin da yake yankan rasit a kasuwar ranar Talata, muna bin sa a baya muna riƙe masa jakar nan ta fata? Kai ne ma kake cinye gyaɗar da masu tebur suke ba mu, kada ka musa. Daga wannan tebur ɗin ya tashi. Ya je Kongo a Zariya ya yi difloma kan mulkin ƙananan hukumomi, ya dawo aka sa shi a sashen kuɗi, aka yi ta yawo da shi. Da aka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi a 1991 aka tura shi wata da ko ofis ba ta da shi, a ajin firamare suka fara aiki, shi da akwatin ƙarfe ɗaya. A 1996, zamanin Abacha, da adadin ya kai 774, aka sake ɗaga shi. Inna ta ce sau bakwai tana ɗaure kaya.

Ciyamomin da ya yi aiki da su kuwa, zaɓaɓɓu da na riƙo, shi kansa sai ya ƙirga da yatsu. Kowa ya zo da mutanensa, ya tafi, Kawu yana nan da littafinsa. Akwai wanda ya kawo masa baucar gyaran rijiyoyin burtsatse goma sha biyu ya sa hannu, ya hau babur ya zagaya ƙauyukan da kansa, ya tarar uku kawai aka taɓa. Ya ƙi sa hannu. Bayan sati biyu aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can bakin iyaka. Mu a lokacin haushinsa muke ji, muna cewa taurin kai ne. Ranar Alhamis wani dagaci daga yankin ya tashi ba a kira shi ba, ya ba da labarin nan gaban kowa, aka yi tsit.

Af, kafin in manta, ƙanwarka ta haihu, namiji, suna ranar Asabar. Kuma shagon shayin bakin tasha ya koma wajen cajin waya, ban san inda za ka zauna ka yi ta musun ƙwallo ba in ka zo.

To ga damuwata. Ko kwana uku bai yi a gida ba, mutane suka fara sallama, wai ya fito takarar ciyaman. Hujjarsu ita ce hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma shugabancin riƙo ya saɓa wa tsarin mulki. Suna cewa yanzu ne ake bukatar wanda ya san kan kuɗi. Gaskiya ne, babu wanda ya kai shi sanin yadda asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi yake shanye kuɗi kafin su iso, ya sha gaya mana in an biya albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya, abin da ya rage ko kwalbati biyu ba zai gina ba. Amma takara kuɗi take ci, shi kuwa gidan ƙasan nan da ka sani shi ne dai, sai gona da tsohon babur. Haƙƙinsa na sallama ma ba a fara maganarsa ba. Ga hawan jini. Ina tsoron a ɗauki mutuncin da ya tara shekara 35 a kai shi dandalin kamfe, yaran da bai haifa ba su riƙa zaginsa saboda dubu biyu.

Jiya bayan isha'i na faɗa masa haka. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce rijiyoyin nan tara har yau suna ransa. Ban iya ba shi amsa ba.

Kai yana jin maganarka, tun kana yaro yake cewa kai ne mai hankalin cikinmu, duk da gyaɗar. Don Allah ka kira shi a makon nan, bayan la'asar ya fi samuwa. Ba na ce ka hana shi ba, ka dai saurare shi, sannan ka gaya mini abin da ka fahimta. Ka gaida Amarya da yara, Inna ma tana gaishe ku, ta ce a tuna maka da busasshen kifinta.

Naka,
abokin tafiya kasuwar Talata