A Binciki Mai Ba da Lamba Kafin a Karɓi Aikin Sabunta Manhaja

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin ƙungiyoyin manoma da ƙananan asibitocin karkara da suka koma ajiye rajistarsu a kwamfuta, kan wata matsala wadda ba ta fitowa sai bayan wanda ya sabunta manhajar ya karɓi kuɗinsa ya koma birni.

A rumbun bayanai irin PostgreSQL, lambar da ake bai wa kowane sabon suna ba daga jadawalin sunayen take fitowa ba. Akwai mai ba da lamba na daban, wanda ke riƙe da inda ya tsaya, kuma ba ya leƙa jadawalin don ya ga lambar da ta fi girma. Saboda haka idan aka kwaso tsofaffin sunaye da lambobinsu ta fayil ɗin CSV (fayil ɗin rubutu mai ɗauke da abin da ke cikin jadawali kawai) aka zuba a sabon rumbu, mai ba da lambar yana nan a farko, sai ya ba da lambar da wani ya riga ya mallaka. Haka ta faru da ƙungiyarmu ranar rabon taki: layi ya miƙe cikin rana, magatakarda ya shigar da sunan manomi, kwamfuta ta ƙi, tana cewa lambar tana da mai ita. Umarni guda, setval, wanda ke saita inda mai ba da lamba zai ci gaba, shi ne maganin, kuma da an yi ƙaurar da pg_dump ko pg_upgrade, kayan aikin PostgreSQL na kwashe rumbu ko sabunta shi, da lissafin inda ya tsaya ya bi bayanan zuwa sabon rumbun.

Sauya fasali ma yana da nasa tarkon. Idan aka canza sunan jadawali, mai ba da lambarsa yana riƙe da tsohon suna. Idan kuma aka kwafi jadawalin tare da ƙa'idojinsa, jadawali biyu za su riƙa ɗiban lamba daga wuri ɗaya ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar MySQL, wata manhajar rumbun bayanai. Kafin sigar 8.0 ta 2018, jadawalan InnoDB, wani tsarin ajiya na MySQL, ba sa adana wannan lissafi a faifai, don haka idan aka goge rasidin ƙarshe sannan wuta ta ɗauke, ana iya sake bai wa wani lambarsa. A ƙauyen da janareta ke mutuwa kullum, wannan rigimar kuɗi ce tsakanin maƙwabta.

Ina kira ga shugabanni da kada su sa hannu kan takardar kammala aiki sai an nuna musu cewa lambar da za a bayar nan gaba ta zarce mafi girma a kowane jadawali, an kuma shigar da sabon suna a gabansu.

Naka,
Wani mai karatu daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa