Kafin a sa manhajar imel a kwamfutar ofis

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu domin in ja hankalin sakatarori, akawu da masu shagon buga takardu, waɗanda aikinsu na kullum ya rataya a kan imel. Yawancinsu ta burauza suke shiga akwatinsu. Ranar da sabis ya yi rauni ko data ta ƙare, ko wasiƙar da aka karanta jiya ba ta buɗuwa. Manhajar imel ta kwamfuta, irin Thunderbird ko Outlook, sauke wasiƙu take yi ta ajiye a cikin na'ura, a karanta, a bincika, a rubuta amsa babu intanet. Thunderbird kyauta ce, daga Mozilla ta fito, kuma tun 2004 take hannun jama'a, don haka da ita zan yi misali.

Saitin farko ba wuya: suna, adireshin imel, kalmar sirri, sai manhajar ta nemo sauran da kanta. Inda ake yin ɓarna shi ne tambayar da ke biyo baya, IMAP ko POP. Da yawa sukan danna wanda hannu ya kai. IMAP madubi ne: wasiƙun suna zaune a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da kamfanin imel ke ajiye su a ciki, abin da ke waya shi ne ke kwamfuta, wanda aka karanta a nan ya nuna an karanta a can. POP kuwa kwasowa yake yi, kamar masinjan da ya je gidan waya ya juye akwati a jaka. Idan ba a umarce shi ya bar kwafi a saba ba, maigida zai duba wayarsa ya tarar wasiƙun sun yi ɓatan dabo, alhali suna can a kwamfutar sakatare. Duk mai duba imel a na'ura fiye da ɗaya, IMAP ne nasa.

Sai dai madubi ba rumbu ba ne. Wasiƙar da aka goge a waya za ta ɓace a kwamfuta da zarar an haɗa intanet, kuma Gmail yana zubar da kwandon shararsa bayan kwana 30. Takardun kwangila, rasit da makamantansu a kwafe su zuwa "Local Folders" da ke gefen hagu, can hannun saba ba ya kaiwa.

Ga mai imel na kamfani ko jami'a da dole ya cike saitin da hannu, lambobin ƙofa, wato "port", su ne 993 ga IMAP, 995 ga POP, sai 465 ko 587 ga SMTP, wato hanyar fitar da wasiƙa. Adireshin sabar Gmail kuwa, imap.gmail.com ne da smtp.gmail.com. In wasiƙu suna shigowa amma ba sa fita, kada a taɓa komai sai ɓangaren SMTP, matsalar tana can.

Abu biyu ke sa mutum ya yi zaton an yi masa kutse alhali ba a yi ba. Na farko, manhaja ta yi ta cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, ga shi kuwa daidai ce. Tun 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri kai-tsaye daga irin waɗannan manhajoji, Microsoft ma ya bi sahu a 2024 ga masu Outlook.com da Hotmail. Maganinsa a zaɓi OAuth2 a wurin hanyar tantancewa, ƙaramin shafin kamfanin zai buɗe, a shiga ta nan. Tsohuwar manhajar da ba ta san OAuth2 ba sai an samo mata kalmar sirri ta musamman mai harafi 16 daga saitin Google, ita ma ba a samunta sai an kunna tantancewa mai mataki biyu.

Na biyu ya fi ban haushi don ƙanƙantarsa. Kwamfutocin hannu na biyu da suka cika ofisoshinmu sau da yawa ɗan batirin agogonsu, CR2032 mai kamar kwabo, ya mutu. A ɗauke wuta, a dawo da ita, agogo ya koma shekarun baya, manhajar ta ga takardar shaidar tsaron sabar ba ta dace da ranar ba, ta ƙi haɗawa. A duba kusurwar allo ta ƙasa kafin a kira mai gyara.

Batun data: in aka bar ta yadda ta zo, manhajar za ta sauke akwatin gaba ɗaya, kuma akwatin Gmail na kyauta yana iya kaiwa GB 15. A shiga "Synchronization & Storage" a taƙaita ta ga wasiƙun kwana 30 ko 90 na baya-bayan nan. Lokacin da babu sabis a rubuta amsoshi a danna "Send Later", za su jeru a "Outbox" har sabis ya dawo a tura su gaba ɗaya.

Gmail ba ya aika abin maƙalawa da ya wuce MB 25, kuma imel yana kumbura fayil da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen shirya shi. Wato takardar da aka yi wa sikanin ta yi girma tana iya dawowa. A rage ta, ko a ɗora a Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet, a aika mahaɗin. Sanarwar da za ta je wa mutum hamsin kuma a zuba adireshinsu a Bcc, ba a To ba, don kada a raba wa kowa adireshin kowa.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba: Thunderbird ba ta tambayar kalmar sirri in an buɗe ta. Duk wanda ya zauna a kujerar ya ga wasiƙu. Abin da take kira "Primary Password" kalmomin sirrin da aka adana kawai yake karewa, ba wasiƙun da aka riga aka sauke ba. Kwamfutar da ake rabawa, kowa ya sami nasa asusun Windows mai kalmar sirri, in zai tashi ya danna maɓallin Windows tare da L.

Asara mafi girma kuwa a teburin mai gyara take faruwa. Kafin a yi wa kwamfuta fomatin, akan kwafe Documents da Desktop a ce an gama. Wasiƙun Thunderbird ba sa can, suna cikin AppData, jakar da Windows ke ɓoyewa. A rufe manhajar, a danna Windows da R, a rubuta %APPDATA%, a kwafe jakar Thunderbird ɗungurungum zuwa filash ko faifan waje. Bayan an sake sa Windows da manhajar, a mayar da jakar wurinta, komai zai dawo, har littafin adireshi. Masu tsohon Outlook da ke kan POP su nemi fayil mai ƙarewa da .pst. A riƙa yin wannan kwafi ko sau ɗaya a wata, kuma filash ɗin kada ya kwana a jikin kwamfutar.

Na gode.

Wani mai gyaran kwamfuta,
Kano