Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni ta ina ake shiga sana'ar zane

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da kasuwa. Ranar Asabar da ta wuce, a filin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya daga Farin Gada ka ce kana da 'ya da ta gama sakandare, wadda ba ta ganin takarda ko bayan kwali ta ƙyale sai ta zana wani abu a kai, kuma ta ce ita zane za ta yi. Ka tambaye ni abu biyu: ta ina mutum yake shiga wannan harka in ba ɗan masu hali ba ne, kuma shin mai zane yana iya riƙe gida da sana'arsa. Lokaci ya ƙure ina tsakiyar magana. Na koma gida abin yana cina, domin na ji a muryarka cewa ba neman dalilin hana ta kake yi ba, tsoro kake ji mata. Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, bari in amsa a bainar jama'a.

Zan fara da kaina, don ita ce hanyar da na fi sani. Ni ban shiga zane ta ƙofar boko ba. A makarantar allo na fara, a nan Gangare. Akwai wani gardi da ake kai wa allon duk wanda zai yi sauka don ya yi masa zayyana. Ina da shekara tara ko goma, nakan tsuguna a gefensa in manta da karatuna. Zai goge allon ya yi santsi, ya feƙe alƙalamin kara da reza, ya jera 'yan kwalabe na ja da rawaya da kore kusa da tawadar da ya haɗa da gawayi da ƙaro. Ba ya amfani da abin awo. Sai ya ja layi ɗaya daga sama har ƙasa numfashinsa a riƙe, sannan ya raba fuskar allon gida-gida, ya cika kowane gida da ɗigo da murɗe. Ranar da ya miƙo mini alƙalami ya ce in cika masa kusurwa ɗaya, hannuna rawa yake yi. Ya duba, bai yaba ba, bai kushe ba, ya dai bar abin da na yi a kan allon. Har yau ina ganin wannan kusurwar a idona.

Daga nan mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kai ni wurin wani mai rubutun allunan shaguna da zanen manyan motoci a hanyar Bauchi. Shekarar farko ban taɓa jikin mota ba. Aikina wanke buroshi da kananzir, motsa fenti, da riƙe tsani. A wurinsa na koyi cewa launi yana da hali. Jan da ka gani a gwangwani ba shi ne zai fito a jikin katako ba. A lokacin hunturu kuwa, in ka shafa fentin mai da yamma, sanyin Jos zai hana shi bushewa, ƙura ta bi ta manne, da safe ka tarar aikin jiya ya zama kamar an yayyafa masa gari. Maigidana yakan sa in zana zaki a bayan mota sau biyar yana gogewa, yana cewa wannan kare ne. Na yi kuka a ɓoye, amma shi ya ba ni hannun da nake ci da shi yau.

Sai injin buga manyan hotuna a leda ya shigo gari. Allon shagon da muke kwana uku muna rubutawa, sai a buga shi da kwamfuta cikin awa guda a kan kuɗi kaɗan. 'Yan siyasa da masu shaguna duk suka koma can. Abokan aikina da yawa suka ajiye buroshi, wasu suka koma fentin gidaje, wasu acaɓa. Ni a lokacin ne na fara ɗaure ƙyalle a jikin katako, in shafe shi da farin fentin bango haɗe da gam, in zana abin da idona yake gani: matan da suke sauko da dankali da kabeji da sassafe, duwatsun Shere idan hazo ya rufe su, kududdufan da haƙar kuza ta bari. Hoton da na fara sayarwa na babbar kasuwar Terminus ne, yadda na san ta kafin gobarar 2002. Wanda ya saya ɗan kasuwa ne da shagonsa ya ƙone a ciki. Ya daɗe tsaye a gaban hoton bai ce komai ba.

Wannan hanyata ce, kuma ba ita kaɗai ba ce. A cikin waɗanda muke aiki tare a garin nan akwai wata baiwar Allah da ta fara da ƙunshin amare. Furannin da take yi a hannu da ƙafa su ta ɗauke ta mayar kan ƙyalle. Akwai wanda ya fara da zanen bangon cocinsu. Akwai masu digiri. In muka haɗu ba a tambayar takarda, aiki ake jinginawa a bango a tsaya a duba.

Ka ce a zatonka zane harkar Turawa ce da 'ya'yan masu kuɗi. Alhaji, a nan ne nake son mu ɗan daɗe, domin wannan zaton ya kashe baiwar yara da yawa a gidajenmu. Gani ya kori ji: ka ɗauki yarinyar nan ku je gidan tarihi na Jos, wanda wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa a 1952. Ku ga kawunan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, aikin hannun mutanen wannan yanki ne tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ku zagaya ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ka tuna zanen da magina suke yi a fuskar zaure, da dagi, da aska takwas a wuyan babbar riga, da sassaƙar ƙwarya, da adon sirdi. Duk waɗannan masu zane ne suka yi su, sunan ne kawai ba mu ba su ba. Sannan ka zaro naira ashirin daga aljihunka ka juya bayanta. Matar da take zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce. A ƙauye ta koyi sana'ar a hannun 'yan uwanta mata, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma ƙadangaru da kifaye da kunamun da take zanawa a jikin tukwanenta sun kai ta Ingila da Amurka.

Ko ta ɓangaren bokon ma, Arewa ba baƙuwa ba ce. A Zariya ne, a 1958, wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Demas Nwoko. Abin da suka tsaya a kai shi ne, za su karɓi dabarun da malamansu Turawa suke koyarwa, amma abin da za su zana da salon zanen daga gida za su ɗauko. Sashen koyar da zane na wannan jami'a yana nan a Zariya har gobe. In 'yarka tana da kan karatu, ni shawarata ta nema. Jami'a za ta ba ta abin da ni na yi shekaru ina lalube a duhu: sanin ƙirar jiki, da haske da inuwa, da tarihin waɗanda suka riga ta. Sai dai kada ta jira sai an ɗauke ta kafin ta fara aiki.

Akwai abin da ba ka furta ba, amma na san yana ranka, wato maganar addini. Ni ba malami ba ne, ba zan yi maka fatawa ba. Malamai sun yi magana mai nauyi a kan surar abu mai rai, kuma ban ɗauki wannan da wasa ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi. Abin da zan iya shaida maka shi ne filin yana da faɗi. Na san masu zanen da ba su taɓa zana fuska ba: rubutun Larabci na ado suke yi, da zayyana, da duwatsu da itatuwa da gine-gine, kuma ana sayen aikinsu.

Yanzu maganar abinci, kuma ba zan yi maka zaƙin baki ba. Za ka ji an ce wani hoto mai suna Tutu, wanda mai zane ɗan Nijeriya Ben Enwonwu ya zana, an sayar da shi fam miliyan 1.2 a Landan a 2018. Gaskiya ne, amma kada kowa ya gina lissafinsa a kan wannan. Rayuwar yawancinmu ita ce wata a samu, wata biyu shiru. Fentin tube da buroshi mai kyau daga waje ake shigo da su, duk sanda dala ta motsa su ma sun motsa. Masu saye a Jos ba su da yawa. Yawanci sai an naɗe aiki an sa a mota zuwa Abuja, inda gidajen baje zane da otal-otal da ofisoshin jakadanci suke, kuma gidan da ya sayar maka zai cire kasonsa. Ni kaina an taɓa karɓar mini hotuna huɗu da alkawarin biya bayan an sayar, ban sake ganin hotunan ko kuɗin ba. Tun daga ranar ba na sakin aiki sai da rubutacciyar yarjejeniya, kuma wannan na cikin abin da zan fara koya wa 'yarka. Duk da haka da wannan sana'a na yi aure, da ita na biya kuɗin makarantar yarana. Na haɗa da koyarwa, da zanen bangon makarantun yara, da hoton da ake ba da kwangila. Yaran yanzu ma sun fi mu sa'a, domin mai saye yana iya ganin aikinsu a waya daga Legas ko Kano.

Abin da nake roƙonka ba shi da tsada. Ka saya mata littafin zane mai farar takarda da fensir na kirki. Ka bar ta ta zauna a gefen rumfarka da safe, lokacin da ake sauke kaya, ta zana kwandunan tumatir da buhunan albasa daga abin da take gani, kada ta tsaya ga kwafar hotunan waya. Kowace rana, ko da shafi ɗaya ne. In bayan wata shida ba wanda ya tuna mata kuma tana yi, to ka san abin a jininta yake.

Shagona yana buɗe ranar Asabar daga ƙarfe goma, kuma akwai 'yan mata biyu da suke koyo tare da waccan mai ƙunshin da na ambata, saboda haka ba za ta zauna ita kaɗai cikin maza ba. Ku zo tare, ko mahaifiyarta ta rako ta. Ta taho da duk abin da ta zana, har da tsofaffin da take jin kunyar nunawa da waɗanda ta yi a bayan kwali, domin su nake so in fara gani.

Allah ya yi mata albarka, ya sa wa kasuwa albarka.

Naka,
Mai zane daga Gangare, Jos