Ina fina-finanmu a kan marayun mulkin soja?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi wa masu shirya fina-finan Hausa tambaya. Kwanan baya na kalli wani fim na 2014 a kan Hafsat Abiola, wadda aka harbe mahaifiyarta, Kudirat, a Legas cikin 1996, mahaifinta kuma ya rasu a tsare cikin 1998. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda 'ya ke ba da labarin iyayenta, tana neman inda za ta ajiye baƙin cikinta.

A Ajantina, inda sojoji suka yi mulki daga 1976 zuwa 1983, har jarirai aka ƙwace daga iyayen da aka kashe, aka bai wa wasu suka raine su. Masu fim a can sun daɗe suna bin sawun waɗannan yara.

Mu fa? Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki cikin Disamba 1997, ya bar iyali. Nan Sakkwato mun ga an tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996. Waɗannan ma manya ke nan. Akwai 'ya'yan ƙananan sojoji da aka harbe bisa zargin juyin mulki, ba wanda ya taɓa tambayar su yadda suka tashi. Ba na ƙin fim ɗin soyayya, ni ma ina kallo, amma ya yi yawa.

Ɗana mai shekara 19 bai ma san an yi kwamitin Oputa ba, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam da aka yi a zamanin mulkin soja.

Naka,
Wani mai karatu daga Mabera, Sakkwato