Wasiƙar godiya ga masu gidan burodin ƙauyenmu a Luberon

Zuwa ga Mushe (wato Monsieur, maigida da Faransanci) da Madam, masu gidan burodin da ke bakin dandalin ƙauyenmu, da yaran da ke aiki tare da su,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kun warware gajiyar Disamba da Janairu, in har akwai hutu ga mutanen da ke kunna tanderu tun zakara bai yi cara ba. Da Hausa na rubuta wannan takarda, domin 'yan'uwana na Maradi da Damagaram da Kano, waɗanda ba sa gajiya da tambayata yadda muke zama a ƙauyen Faransa lokacin sanyi, su san mutanen da suka sauƙaƙa mana zaman. Babbar 'yata ta yi alkawarin za ta zo ta karanta muku ita da Faransanci.

Gidan da muke ciki tsohon gidan gona ne na dutse, irin na yankin Provence da ke kudancin Faransa, fuskarsa na kallon kudu, ya juya wa arewa baya saboda iskar mistiral da ke gangarowa ta kwarin kogin Rhône. Maigidana a gonakin 'ya'yan itace yake aiki, shi ya kawo mu nan. Da bazara gidan Aljannar duniya ne. Da sanyi kuwa, ƙarfe biyar na yamma duhu ya shiga, bangon dutse ya riƙe sanyi, kowa ya dawo gindin murhun itace. A daidai wannan lokacin ne gidan ke cika. Mu Musulmi ne, ba ma bikin Kirsimeti, amma hutun makaranta na mako biyu a ƙarshen shekara shi ne kaɗai lokacin da ƙannena na Marseille da dangin maigida na Lyon ke samun sarari gaba ɗaya. Sai su ɗebo yara su taho. Bana har da mahaifiyata, wadda ta zo daga Maradi. Baƙonka annabinka, haka aka rene mu, to amma mace ɗaya da ƙaramin tanderun kicin ba za ta iya da bakin mutum sama da ashirin safe da dare ba. A nan kuka shigo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi zan fara faɗa. Kayan zaƙin ƙarshen shekara a Faransa suna da kyau a ido, sai dai da yawansu akwai abin da addininmu ya hana a ciki. Kek ɗin nan mai siffar gungumen itace, bûche, galibi ana jiƙa shi da barasa. Kirim ɗin almon da ake cusa wa galette, kek ɗin da ake ci a Janairu, akan ɗiga masa barasar rom. Wasu kuma jelatin ɗin da ke daskarar da su daga alade aka samo shi. Ranar da na tambaya, Madam ba ta ɗaga kafaɗa ba, ba ta kuma ce mini ai ɗan kaɗan ne, wuta ta ƙone shi ba. Ta shiga ciki ta ɗauko littafin da kuke rubuta haɗe-haɗenku, ta bi kayan da ke cikin gilashi ɗaya bayan ɗaya tana nuna mini: wannan ki ci, wannan kada ki taɓa, wannan kuma sai na tambayi wanda ke kawo mana cakulan. Har akwai wani da na riga na ciro kuɗinsa, ta ce in mayar da kuɗina. Mai shago ya hana kansa ciniki don kada abin da ba ka ci ya shiga cikinka, wannan ba ƙaramar amana ba ce, kuma ban manta ba.

Bayan haka Mushe ya ɗauki nauyin yi mana namu bûche ɗin daban. Maimakon barasa ya sa ruwan furen lemo, ya cika shi da kirim ɗin marron, wani ɗan itace mai ɓawo, na yankin Ardèche, ya fara da namu kafin ya taɓa na sauran jama'a don kada kayan aiki su cuɗanya. Kuɗin da kowa ke biya shi muka biya. Na san abin da mako na ƙarshe kafin 25 ga Disamba yake nufi a wurinku, lokacin da takardun oda suka rufe bango, barci ya zama na awa uku ko huɗu. A cikin wannan turmutsitsi kuka samar wa gida ɗaya na baƙi wuri.

A wurinku kuma na koyi al'adar teburin Provence, wadda nake so 'yan'uwana su ji, don tana da ban sha'awa. Tun 4 ga Disamba ake farawa. Ana shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a ƙananan faranti uku, a barbaɗa alkama, a ajiye wuri mai ɗumi. In ta tsiro kore shar, mutanen nan sukan ce shekara za ta yi albarka. Madam ce ta ba yarana ƙullin alkamar, suka yi ta leƙa ta kowace safiya suna gardamar ta wane ta fi tsawo. A daren 24 ga wata maƙwabtanmu kan shimfiɗa fararen zannuwan tebur uku, su kunna kyandir uku, su ci abinci marar nama, kifi da ganyaye. Daga nan sai a jera kayan zaƙi goma sha uku, adadin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da almajiransa goma sha biyu. Akwai busasshen ɓaure, zabibi, almon, nuwa (noix, ɗan itace mai ɓawo mai tauri), alewar nuga fara da baƙa da ake yi da zuma, lemo, tuffa, da dabino. Ana barinsu a kan tebur kwana uku, duk wanda ya shigo ya ɗanɗana. Da mahaifiyata ta ga teburin a gidan tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, cewa ta yi kamar an kawo garar amarya, sannan ta miƙa hannu kai tsaye wajen dabino. Mu ba da niyyar ibadarsu muke ci ba, su ma sun san haka, amma kusan duk abin da ke kan teburin halal ne, kuma maƙwabtaka tana da haƙƙi.

Uwar kayan nan duka ita ce pompe à l'huile, faffaɗan burodi mai zaƙi da ake kwaɓawa da man zaitun da ruwan furen lemo, a tsattsaga samansa kafin a gasa. Ba a sa masa wuƙa, da hannu ake gutsura. Tsofaffin ƙauyen sun ce wanda ya yanka shi zai ga tsiya a sabuwar shekara. Na nuna sha'awar koyo, ina tsammanin za a ce sirrin sana'a ne. Sai Madam ta ce in zo da yamma bayan an rufe shago. Ta nuna mini yadda ake zuba man kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya shanye shi, yadda ake gane ya isa murza idan ya daina manne wa hannu ya yi sheƙi, da dalilin da ya sa a gidan dutse mai sanyi irin namu dole a rufe shi da tawul a ajiye kusa da murhu, a kuma ba shi lokaci, don yis ba ya gaggawa a cikin sanyi. Wanda ke sayar da abu ya koya maka yinsa a gida, ya san gobe ba lallai ka saya ba. Duk da haka ta koya mini. Yanzu ina yi, yara suna ci, amma na Mushe ya fi nawa laushi, har yau nasa nake ajiye wa manyan baƙi.

Sai maganar tanderu. A da can, in ji Mushe, matan ƙauye kan kawo tukwanensu gidan burodi bayan an fitar da gashin ƙarshe, su ci moriyar sauran zafin. Ya ce ba ya ganin dalilin da zai sa al'adar ta mutu. Haka na riƙa kawo manyan tire na cinyar rago da albasa da dankali, in dawo bayan awanni in tarar nama yana saɓulewa daga ƙashi. Wata rana na ce masa ina marmarin gurasa irin ta Kano, ya tambaye ni yadda ake yinta, na kwatanta masa tanderun ƙasa da yadda ake manna kwaɓi a jikinsa. Ya ce mu gwada a kan daɓen tanderunsa. Ta fito da kumburi da ɗan ƙonewar gefe kamar yadda ake so. A daren muka yi bandashe da ƙuli-ƙulin da mahaifiyata ta taho da shi, na aika muku da kwano guda. Washegari Mushe ya ce yajin ya sa shi hawaye, amma kwanon a share ya dawo.

Shigowar Janairu sai kek ɗin sarakuna. A arewacin Faransa galette mai ɓawo-ɓawo aka fi ci, a nan kudu kuwa burodi ne mai laushi, zagaye kamar kambi, an ƙawata shi da 'ya'yan itacen da aka jiƙa a sukari har suka yi ƙyalli, sana'ar da garin Apt ya yi suna da ita. A ciki ake ɓoye ɗan ƙaramin abu na tangaran, wani lokaci har da ƙwayar wake. Autan gida ya shiga ƙarƙashin tebur, ana yanka yana faɗin sunan wanda za a ba, don kada a yi son kai. Wanda ya ci karo da abin a rabonsa shi ne sarkin ranar, a ɗora masa kambin takarda. Madam, na gode da kika ja ni gefe kika nuna mini daidai inda aka cusa shi, saboda kin san akwai ƙananan yara da tsohuwa mai raunin haƙori a gidan. Na kuma gode da kambi na biyu da kika saka a leda ba tare da na roƙa ba. Ke uwa ce, kin san abin da kambi ɗaya ke jawowa tsakanin yara.

Karɓar baƙi irin na mutanen nan ma ke kika buɗe mini ido a kai. Kika gaya mini yawan baget, dogon burodin nan nasu, da ya kamata in saya gwargwadon kawuna, wane burodi ke tafiya da miya, wane ke tafiya da cuku, da cewa kada in jera komai lokaci guda, in bar abinci ya riƙa zuwa bi da bi. Ina son wannan ɗabi'a tasu ƙwarai: a zauna tebur da azahar, ba a tashi ba sai magariba ta kawo jiki, ana hira, babu mai duba agogo. Abin da har yanzu yake yi mini nauyi shi ne ba a faɗo wa mutum gida haka kawai, sai an sa rana. A ƙauyen nan wuri ɗaya ne mutane ke haɗuwa ba da alkawari ba, shi ne layin gidan burodinku. A nan na san wanda ya haihu, wanda ke kwance asibiti, da tsohuwar da 'ya'yanta ba za su zo mata hutu ba. A layin nan na gayyace ta, yanzu kuwa yarana Kaka suke ce mata.

Ga masu karatu na gida, ya kamata ku san cewa sana'ar nan tana da doka. Tun 1998, a Faransa ba wanda ke da izinin kiran shagonsa boulangerie sai in a nan wurin ake kwaɓawa, a tsara, a gasa. Wata doka ta 1993 kuma ta ce burodin da ake kira na gargajiya ba a daskarar da shi a firiza, ba a zuba masa sinadaran gyara. A ranar 30 ga Nuwamba 2022, a taron da aka yi a Rabat ta Maroko, hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin baget cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sai dai yabo ba ya biyan kuɗin wuta. A cikin sanyin 2022 zuwa 2023 ne farashin lantarki da na bota da fulawa suka yi tashin gwauron zabi, har masu gidajen burodi suka yi zanga-zanga a Faris a watan Janairu 2023. Manyan kantuna na sayar da kek ɗin kamfani da araha, mota minti kaɗan ce zuwa Apt. Ku kun ci gaba da kunna tanderu, kun ci gaba da renon tsohon kwaɓinku mai tsami, kun ƙara kuɗi kaɗan kun kuma rubuta dalili kun manna a ƙofa. Ni a ganina 'yan santim ɗin da muka ƙara sun yi kaɗan a kan abin da muke samu.

Ba zan rufe ba sai na ambaci yaron da ke tuƙa motar rabon burodi zuwa gidajen gona da ke nesa. Safiyar da hanya ta daskare, dusar ƙanƙara ta rufe kan dutsen Ventoux ta sauko har gangarenmu, ban yi zaton kowa zai fito ba. Na leƙa na ga jakar burodi a rataye a ƙyauren gida, da sauran ɗuminta. Daga baya na ji cewa inda mota ta kasa hawa, da ƙafa ya ƙarasa wa tsofaffi biyu da ke can sama. Allah ya yi masa albarka, ya jiƙan iyayen da suka rene shi haka. Haka ma yarinyar da ke tsare kantar shago, wadda ta koyi cewa "ina kwana" don ta gaida mahaifiyata.

Duk ɗan'uwan da hanya ta biyo da shi ƙauyukan Luberon lokacin sanyi, ga shawarata: ya je gidan burodin ƙauye da sassafe, ya fara da gaisuwa kafin ya nuna abin da yake so, ya tambayi abin da ke ciki ba tare da jin kunya ba, in kuma kek ɗin biki yake buƙata ya ba da oda tun da wuri.

Mushe da Madam, watan azuminmu yanzu a ƙarshen sanyi yake kamawa, Sallah tana biye da shi. Ina gayyatarku tun yanzu, ku da yaran shago, ku zo cin tuwon Sallah. Zan yi alkaki da dubulan, zan kuma rage yaji a kwanon Mushe. Ku zaɓi ranar da shago ke rufe, mu za mu jira ku. Allah ya ƙara wa sana'arku albarka, ya ba ku lafiya da ƙarfin ci gaba, ya saka muku da alheri.

Taku maƙwabciya,
Bahaushiyar gidan da ke bayan gonar zaitun